Sunan Tasha Ya Rage, Allon Ya Tafi: Fashin Baƙi Kan Bukukuwan Fim na Kaka a Legas

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Oshodi yana neman motar Agege ya ji kwandasta yana rafka kira: "Pen Cinema! Pen Cinema!" Danfo ta cika, a tafi, a sauke mutane a gindin gadar saman nan da aka buɗe a 2021, kowa ya kama gabansa. Cikin dubban da ke sauka a wurin kullum, da wuya ka tsinci matashi ɗaya da ya taɓa zama a nan ya kalli fim. Haka Casino a Yaba. Suna ya koma na tasha, abin da ya haifi sunan kuwa ya daɗe da tafiya.

Wata rana na ce wa ƙanin mahaifiyata, wanda fataucin goro ya kawo shi Agege tun ba a haife ni ba, "Kawu, wai da gaske a nan kuke kallon Indiya?" Ya lissafa mini Pen, ya lissafa Danjuma, ya ce idan an sa fim mai farin jini layi har bakin titi, kuma fim ɗaya sai mutum ya kalle shi sau huɗu, ya haddace waƙoƙinsa ba tare da ya san ma'anar kalma guda ba. Wannan hirar ce take dawo mini duk shekara idan watan Oktoba ya kama, tallace-tallacen bukukuwan fim suka fara yawo a waya. Garin da ya fi kowane gari a Afirka yin suna da harkar fim yana da bukukuwa, yana da jan kafet da fitilu, amma wanda yake son ya zauna a duhu ya kalli tsohon fim a babban allo ranar Laraba da daddare ba shi da gidan da zai nufa kai-tsaye.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa idan ana wannan magana. Akwai gidan sinima mai zaman kansa, wanda ba reshen wani babban kamfani ba ne, mai shi ne yake zaɓar abin da zai nuna bisa ɗanɗanonsa da na unguwarsa. Akwai gidan da sana'arsa ita ce dawo da tsofaffin finafinai, na shekara talatin ko hamsin, a gyara su a sake haska su, wani lokaci a jera aikin darakta ɗaya mako guda cur. Sai bikin baje kolin finafinai, wanda yake zuwa sau ɗaya a shekara, ya yi 'yan kwanaki ya watse. Na farko da na biyu shago ne, kullum a buɗe. Na uku kasuwa ce mai ci sau ɗaya, idan ta tashi sai baɗi. A biranen Turai da Amurka ukun suna tallafar juna: biki ya gano fim, ƙaramin gida ya riƙe shi wata guda, bayan shekaru gidan tsofaffi ya sake fito da shi. A Legas na ukun ne kawai ya kafu da ƙafarsa, shi ya sa yake ɗaukar kayan da ba nasa ba.

To me ya haɗa fim da kaka? Mu a ƙasar Hausa mun san kaka lokacin sakewa ne. An yi girbi, rumbu ya cika, sai dambe da kokawa da bukukuwan aure. Can Turai dalilin daban ne. Hutun bazara na manyan finafinan faɗa da na yara ne. Idan an koma makaranta, sanyi ya fara, sai a fito da finafinan da ake sa ran za su ci kyaututtukan farkon shekara, musamman Oscar. Shi ya sa bikin Venice na Italiya, wanda aka fara tun 1932, yake kamawa daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, na Toronto a Kanada ya biyo baya a Satumba, na Landan a Oktoba. A 2016 bikin Toronto ya ware wa Legas sashe na musamman, aka nuna finafinan Najeriya takwas. Mu nan ganye ba ya zuba, amma muna da namu lissafin. Ruwan sama yana lafawa wajen ƙarshen Oktoba. Disamba kuwa an riga an kama ta, domin a watan ne manyan furodusoshin Nollywood suke sakin abin da suka zuba wa kuɗi, 'yan ƙasar waje sun dawo hutu, kowane allo ya cika. Fim ɗin Funke Akindele da ya fara haura naira biliyan 1 a gidajen sinimar Najeriya a Disambar 2023 aka sake shi. Nuwamba ita ce 'yar tazarar da ta rage tsakanin ruwa da cunkoso.

Yadda tsofaffin gidajen suka mutu labari ne mai tsawo, amma ga gundarinsa. A Legas aka fara haska fim a Najeriya, a zauren Glover, cikin Agustan 1903. Daga baya Turawan mulki suka kawo majigi, motar da ke yawo gari-gari tana nuna finafinan wayar da kai. Gidajen kasuwanci kuwa galibi Kwarori da Indiyawa ne suka mallake su, su ne kuma suke shigo da finafinan Indiya da na Amurka da na 'yan Sin. Dokar 1972 ta mayar da irin waɗannan sana'o'i hannun 'yan ƙasa. Gine-ginen sun sauya hannu, amma hanyar samo fim tana waje. An ɗan yi zamanin albarka lokacin da su Hubert Ogunde da Ola Balogun da Ade Love da Baba Sala suke cika zauruka da finafinan Yarbanci, har da babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu. Sai 1986 ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, sayen zaren fim da kai shi Landan a wanke ya gagari kowa. Fashi da makami ya hana fitar dare. Kaset ya shigo ɗaki. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, a 1992 aka yi Living in Bondage a Legas, dukansu a kaset, ciniki ya koma kasuwannin Idumota da Alaba. Zaurukan da suka rage wasu suka zama coci, wasu sito, wasu aka rushe.

Da sinima ta dawo a 2004, lokacin da Ben Murray-Bruce ya buɗe Silverbird a Victoria Island, ba irin ta Kawu ce ta dawo ba. Ta dawo cikin manyan kantuna, da na'urar sanyaya ɗaki da kujerun alfarma. Genesis da Filmhouse da sauransu suka biyo baya. Ban raina su ba, domin su ne suka sa furodusa ya sake tunanin babban allo, kuma ingancin hoto da sauti na finafinanmu ya ɗaga saboda su. Sai dai a duba yadda kuɗin tikiti yake tafiya. Da farko gwamnati ta cire harajinta. Abin da ya rage a raba tsakanin mai gidan sinima da ɓangaren masu fim, kusan rabi da rabi a makon farko, kuma duk mako kason masu fim yana raguwa. Daga wannan kason mai rarrabawa zai ɗebi ladansa kafin furodusa ya ga kwabo. Shi kuma mai gida yana da hayar kanti, da dizal, da kuɗin wuta, da na'urar haskawa wadda kayan gyaranta da dala ake saye. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 aka saki naira, komai ya ninka. Ribarsa ta gaskiya da yawa a gugguru da lemo take. Saboda haka manaja yana zuba ido daga Juma'a zuwa Lahadi. Fim ɗin da bai tara jama'a ba a waɗannan kwana ukun sai a tura shi ƙarfe goma na safe ko a sauke shi. Ba mugunta ba ce, zaure mai mutum shida da mai mutum ɗari dizal ɗaya suke sha.

Fim mai tafiyar hawainiya, wanda sai an kalla an ba wani labari kafin ya samu jama'a, ba ya rayuwa a wannan tsari. Mami Wata na C.J. Obasi, fim ne baƙi da fari, ya ci kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance na Amurka a farkon 2023, amma da ya iso gida a Satumbar shekarar masu son kallonsa da yawa sun yi ta kukan rashin samun lokacin da ya dace. Tsohon fim kuwa ba a ma maganarsa.

Wannan giɓin ne bukukuwa suke cikewa. Babbansu shi ne AFRIFF, wanda Chioma Ude ta kafa a 2010. A Fatakwal aka fara, ya taɓa zama a Kalaba, yanzu Legas ce gidansa, kuma a Nuwamba yake ci. Ugoma Adegoke ta fara Lights, Camera, Africa a 2011, daidai lokacin hutun 1 ga Oktoba, kuma ya yi shekaru yana kawo finafinan sauran ƙasashen Afirka waɗanda ba a ganinsu a kanti. Lagos Fringe yana haɗa fim da wasan daɓe a Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa na Broad Street da aka mayar wurin shaƙatawa. Sai S16, wanda Abba Makama da C.J. Obasi da Michael Omonua suka fara a 2021, yana zuwa a farkon Disamba, kuma shi ne ya fi karkata ga matasan da ke gwada sabon salo. Na finafinan gaskiya, wato waɗanda ba ƙagaggen labari ba, iREP, a Maris yake, ba ya cikin wannan jeri.

Na halarci wasu daga ciki, kuma abin da na fi so ba jan kafet ba ne. Shi ne lokacin da fitila ta kunnu bayan an gama, darakta ya fito gaban mutane, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye shi dalilin da ya sa ya ƙare labarin a haka, ya tsaya ya yi mata bayani. A can na fara ganin fim daga Senegal da Mali a babban allo, na ga suturarmu da zaman tsakar gidanmu da harshen da ba namu ba. Amma biki yana tsaye ne a kan kuɗin masu ɗaukar nauyi, wato bankuna da kamfanonin sadarwa da ofisoshin jakadanci da gwamnatin jiha. Shekarar da suka ja baya, biki ya rame ko ya ɓace. Kuma fim sau ɗaya ake nuna shi, wataƙila ranar Talata da azahar, a Lekki ko Victoria Island. Mai shago a Mile 12 ko mai kanti a Idi-Araba ba zai rufe ya tsallaka gada ya shiga cunkoso don fim ɗin da bai taɓa jin sunansa ba.

Yanzu ga inda zancen ya zo kanmu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, da Hausa, a kan zaren sinima na gaske, Umaru Ladan ne ya fito a matsayin malamin. An nuna shi a FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977 a nan Legas. Daga nan ya yi ɓatan dabo. Mutane sun karanta littafin a makaranta, sun bi yaron da aka sace aka tsallaka hamada da shi, sun bi uwar da ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare, amma tsara biyu suka tashi ba su san an taɓa yin fim ɗin ba. Sai wani mai sharhin fim kuma darakta, Didi Cheeka, da abokansa na ƙungiyar Lagos Film Society, suna neman wurin da za su kafa ƙaramin gidan sinima mai zaman kansa, suka shiga tsohon ginin sashen fim na Turawan mulki da ke Ikoyi. A ɗakunan da aka daɗe ba a buɗe ba suka tarar da gwangwanayen fim jibge, sun yi tsatsa. Binciken da ya biyo baya ne ya kai ga gano Shaihu Umar a 2016 cikin ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ta gyara shi, aka haska shi a bikin Berlin na 2018.

A lura da yadda abin ya faru. Neman gida ne ya tono fim ɗin. Ba don wasu sun dage sai sun samu zauren nuna tsofaffin finafinai ba, da gwangwanayen suna nan suna ruɓewa.

Ruɓewa kuwa ba salon magana ba ne. Zaren fim na wancan zamani idan zafi da laima suka dame shi sai ya fara fitar da wari mai tsami, ya motse, ya lanƙwashe, hoton ya ɓanɓare, daga ƙarshe ya manne ya zama dunƙule. Gwangwani ɗaya da ya kamu yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Legas kuwa ta haɗa zafi da laima. Gyaran kuma aikin haƙuri ne. A wanke zaren, a liƙe inda ya yage, a ɗauki hotonsa ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato fim na awa biyu ya haura hoto 170,000. Sannan a goge ƙura da ƙarzuwa, a daidaita launi, a tace sauti. Idan zaren asali ya mutu kafin a yi wannan, fim ya tafi har abada. Abin farin ciki, Jami'ar Jos ta buɗe digiri na biyu kan adana finafinai tare da haɗin gwiwar wata jami'a ta Frankfurt, kuma a Jos ɗin ne ma'ajiyar finafinai ta ƙasa take.

Ba Shaihu Umar kaɗai ba ne. Akwai Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, duk na farkon shekarun 1990, duk da Hausa. Sannan ga dubban kaset na farkon Kannywood, waɗanda su ma fumfuna take ci a sitocin furodusoshi. Abin da muke gani a YouTube da sunan tsohon fim sau da yawa kwafin kwafi ne, fuskoki sun dishe, sauti yana rawa. Mukan ɗauka cewa tunda yana intanet an adana shi. Ba haka ba ne, ranar da mai tashar ya rufe ta shi ke nan.

Na zamani ma ba su tsira ba. Sau biyu cikin 'yan shekarun nan Najeriya ta tura fim mai magana da Hausa neman Oscar, The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020 da Mai Martaba na Prince Daniel a 2024. An zaɓe su su wakilci ƙasa a idon duniya, amma a Zangon Agege ko Obalende ko Alaba Rago babu zauren da Bahaushe zai shiga ya gan su a allon da aka yi su dominsa. Kamfanonin kallo ta intanet da aka sa wa rai su ma ba abin jingina ba ne, domin a Janairun 2024 Amazon ta dakatar da zuba kuɗi a sababbin finafinan Afirka.

Dole in faɗi namu ɓangaren. Sinima ba ta taɓa samun suna mai kyau a wurin iyayenmu ba. An ɗauke ta matattarar 'yan iska, wurin hayaƙin taba da duhu da cakuɗuwar maza da mata, kuma macen da aka gani a ƙofarta sunanta ya ɓaci. Ba zan ce tsoron nan ba shi da tushe ba, Kawu da kansa ya ce akwai dararen da faɗa yake tashi a watse. Amma wancan hali na wasu gidaje ne a wani zamani. Yau yaranmu suna kallon abin da ya fi wancan muni, kowa shi kaɗai, waya a tafin hannu, ba babba a kusa. Zauren da iyali za su zauna tare su kalli labarin almajirin da ya zama malami, a kunna fitila a tattauna, ni a wurina ya fi kusa da tarbiyya.

Kuma ba daga sifiri za a fara ba. Kowane lungu na unguwanninmu yana da gidan kallon ƙwallo, da bencina da janareta da allo, wasu ma da na'urar haskawa. Ranakun da ba wasa a rufe suke. Akwai zaurukan makarantu da na ƙungiyoyi. Abin da babu shi ne mutum mai zaɓe, wanda zai ce wannan watan ga abin da za mu kalla kuma ga dalili, da izinin mai fim a rubuce tare da biyansa haƙƙinsa, da rajistar hukumar tace finafinai, da rana tsayayya wadda ba ta canzawa, ko da sau ɗaya ne a wata. Rana tsayayya ita ce gaba ɗaya sirrin, domin ita take mayar da taro ya zama al'ada. A ware lokacin mata da yara da rana, na maza bayan isha'i idan haka unguwa ta fi so. Masu shirya bukukuwan Tsibiri, wato ɓangaren su Victoria Island da Ikoyi, kuma za su iya tsallako gada da fim biyu ko uku a makon bikin, tunda jirgin ƙasa na jan layi yanzu yana tsayawa a Agege. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, hukumar da ke riƙe da waɗannan gwangwanaye, kuma ba sai an yi masa bayanin su wane ne masu kallon fim ɗin Hausa ba. Idan shugabannin al'ummarmu na Legas da ƙungiyoyin matasa suka rubuta suka nemi a kawo Shaihu Umar Agege, buƙata ce da ke da inda za a kai ta.

Kawu ya haura saba'in. Ya wuce ta dandalin Tafawa Ɓalewa sau ba adadi, amma bai san mai sunan ya rubuta labarin da aka yi fim da shi ba sai da na gaya masa. Na ba shi labarin gwangwanayen Ikoyi da tafiyar Shaihu Umar Jamus. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko idan an kawo shi za a fara bayan isha'i, kuma ko za a tashi kafin a kulle ƙofar layinsu.